Faifan Tsohuwa da Haƙorin Auta

Gidan rediyon yana hawa na biyu, a saman wani shagon kujeru, shi ya sa duk wanda ya hau matakalarsa yakan iso yana ƙamshin fenti da sabon katako. Ba wani babba ba ne. Ɗakin watsa shiri guda, ofishin Manaja, falon baƙi mai butar shayi da kofunan da babu biyu iri ɗaya, sai wani ɗan ƙaramin ɗaki a ƙurya da kowa ke kira ɗakin sanyi, domin shi kaɗai ne na'urar sanyaya shi ba ta hutawa. A nan Tsohuwa take zaune.

Tsohuwa kwamfuta ce, baƙa, mai faɗin akwatin tafiya. Duk waƙar da gidan ya mallaka, duk talla, duk hirar da aka taɓa naɗa, a cikinta suke, kuma ita ke jero su ɗaya bayan ɗaya tana saki a iska idan babu kowa a gaban makirufo. Ba a kashe ta. Sau ɗaya aka taɓa gwadawa, ta yi kwanciyarta ta ƙi tashi sai da yamma, har wani dattijo mai sauraro ya hau matakalar nan da sandarsa ya zo jin ko rasuwa aka yi.

Anti Gaisuwa ba ta shiga ɗakin nan sai da dalili. Sunan ta samo shi ne daga shirinta na tsakar rana, inda take karanta gaishe-gaishen masu sauraro, tana tsokanar wannan tana lallashin wancan. Magana ba ta taɓa yi mata wuya ba. Ko da bango aka bar ta, sai ta samu abin da za su tattauna. Amma ita da na'ura sai gaisuwa daga nesa. A gida ma idan talabijin ta yi gardama, kashe ta take yi daga bango, ta ce a bar ta ta huce.

Mai kula da Tsohuwa ƙanin mijinta ne, Auta, wanda ta tarar a gidansu yana ɗan makaranta lokacin da ta yi aure, ta wanke masa kaya, ta sha ɓoye masa laifi a wurin yayansa. Yanzu ya zama injiniya mai gemu, amma a bakinta har gobe Auta ne, shi kuma bai fasa yi mata faɗa a kan yadda take fizge filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa, daga kwamfuta kamar mai cire ƙaya ba.

Ranar da abin ya faru, ta iso da hantsi da jakarta cike da takardun gaisuwa, sai ta ji wani kuka siriri yana fitowa daga ƙurya, ƙit, ƙit, ƙit, kamar ɗan tsako ya ɓata. Ta tarar da Manaja tsaye a ƙofar ɗakin sanyi, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a kan sanƙonsa. Mutum ne mai kirki da son tsari, sai dai tsoro yana saurin kama shi, kuma idan ya kama shi, sai ya ji dole ya yi wani abu, ko mene ne. Ya nuna mata gaban Tsohuwa. Akwai wasu 'yan durowa biyu a jere, ɗaya a kan ɗaya, kowace da 'yar fitilarta. Kullum kore suke. Yau wata fitila dabam a gefensu ta yi ja, kuma daga nan kukan ke fita.

Manaja ya ce shi ya gama shawara, kashe ta zai yi ya sake kunnawa, domin duk abin da ke da waya a duniya haka ake yi masa magani. A ranta Anti ta yarda da shi ɗari bisa ɗari. Abin da ya hana ta cewa to shi ne rediyon falo, wanda har lokacin yake ta zuba waƙa lafiya lau, kamar babu abin da ya dami kowa. Ta ce masa, ranka ya daɗe, mai ciwon da ke waƙa ai ba a yi masa gaggawa, a bari ta nemo Auta tukuna.

Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Sai a lokacin ta tuna cewa jiya da yamma ya zo gidansu riƙe da kumatu, ya ƙi cin komai, ya ce yau zai je a raba shi da wani haƙori na can ciki da ya hana shi sakat. A kira na uku aka ɗauka, amma muryar mace ce, a natse, ta ce ita ce likitar haƙori, mai wayar yana kwance a kujerarta, an yi masa allura, bakinsa cike da auduga, yana ta nuna mata wayar da ido har ta gaji ta ɗauka.

Anti ta ba da haƙuri, ta gaishe ta da aiki, ta kwashe bayani ta faɗa mata. Likita ta ce dama jiran allurar suke ta gama kama shi, saboda haka akwai ɗan lokaci, bari ta mayar da kiran na bidiyo. Fuskar Auta ta cika wayar, a kwance, an ɗaura masa tawul na takarda a wuya, kumatu ɗaya ya yi tulu. Anti ta so ta yi dariya, ta haɗiye ta don wata rana. Ta juya wayar ta nuna masa jar fitilar, sannan ta nuna masa Manaja, wanda ya riga ya durƙusa yana laluben filogi a bayan tebur.

Auta ya yunƙura kamar zai tashi. Abin da ya fito daga bakinsa bai wuce "a-a a-e a" ba.

"Ya ce kada a kashe ta," in ji Likita, ba tare da ta ko tsaya tunani ba.

Manaja ya ɗago ya tambaya yadda aka yi ta gane. Ta ce shekara da shekaru tana hira da mutanen da bakinsu ke buɗe, wannan yaren ta fi jin sa a kan na gidansu.

Da haka aka yi bayanin, Auta yana gurnani, Likita tana fassara, Anti tana gyaɗa kai. 'Yan durowan nan biyu, kowace akwai faifan ajiya a ciki, kuma tagwaye ne: duk abin da aka rubuta a ɗaya, ana rubuta shi a ɗayan a lokaci guda. Ɗaya ne ya gaji ya ajiye aiki, shi ya sa Tsohuwa ke kuka, amma ɗan'uwansa yana riƙe da komai, shi ya sa waƙa ba ta tsaya ba. Matsalar ita ce rana ɗaya aka sayo su, tare suka tsufa. Faifan da ya tsufa yana iya yin ta juyawa muddin ba a tsayar da shi ba, amma idan aka kashe wuta ya huce, babu mai rantsuwa cewa zai sake tashi. Don haka ba kashewa. Za a zare mataccen a saka sabo, Tsohuwa tana tsaka da aikinta.

Manaja ya ce wannan ai ganganci ne, ko fitilar ɗaki za a canja sai an kashe makunni. Auta ya yi wani dogon gurnani har da ɗaga yatsa. Likita ta ce yana cewa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar an gina ta ne da sanin irin wannan rana, tana iya sallamar faifai ta karɓi wani ba tare da ta tsaya ba, shi da kansa ya kunna mata wannan damar lokacin da ya haɗa ta. Sharaɗi ɗaya ne, a sanar da ita kafin a taɓa, kada a yi mata irin fizgar da wata take yi wa filas. Likita ta ƙara da cewa ita ba ta san wace ce watan ba, fassara kawai take yi.

Sai maganar sabon faifan. Yana ina? Nan Auta ya kawar da ido. Ashe ya sayo shi tuntuni, amma ranar da ya karɓo ya biya gidan yayansa cin abinci, ya ɗora shi a saman kabad ɗin falo, bai sake tunawa da shi ba sai yau. Anti ta san kwalin sarai. Ta sha goge masa ƙura tana zaton wani abin motar Maigida ne.

Maigidanta malamin koyar da tuƙi ne, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa gaggawa ba ko da ruwa ya tsuge. Ta kira shi ta ce, Baban yara, taimako za ka yi, ka biya gida ka ɗauko kwalin da ke saman kabad ka kawo mini wurin aiki yanzu-yanzu. Ya ce to, amma yana tsaka da darasi, kuma ba zai sauke ɗalibarsa a titi ba, sai dai su zo tare. Ta tambayi wa ke tuƙin. Ya ce Mama ce. Anti ta rufe ido. Mama wata dattijuwa ce da ta yi ritaya daga aikin jinya ta ce sai ta koyi mota kafin ta bar duniya, kuma tun da ta fara ba ta taɓa yarda ta wuce giya ta biyu ba.

Aka shiga jira. Likita ta ce allura ta kama, ita za ta ci gaba da aikinta, su kira idan kaya ya iso. Tsohuwa ta ci gaba da ƙit, ƙit. Manaja ya shiga ofis ya fito, ya sake shiga ya fito, kowane zagaye sai ya ɗan matsa kusa da soket. Ya ce shi fa kukan nan yana shiga masa har ƙwaƙwalwa. Ya ce a ganinsa kashewar ƙiftawar ido ba za ta yi komai ba. Ya ce Auta yaro ne, kuma mutumin da aka yi wa allura ba a cika dogara da maganarsa ba. Anti ta jawo kujera ta zauna daidai gaban soket ɗin, ta baza takardun gaisuwarta a cinya tana jerawa, kamar a duk gidan babu wurin zama sai nan.

Lokacin shirinta kuwa yana ta matsowa. Ta duba agogon bango, ta leƙa taga, babu alamar mota mai jan harafi a goshi. Idan ta shiga ɗakin watsa shiri, Manaja zai rage shi kaɗai da filogi, kuma ta san ba za ta kai gaisuwa ta uku ba gidan zai yi tsit. Idan ta zauna, masu sauraro za su ji shiru a lokacin da suka saba jin ta. Sai ta tuna hoton da ke rataye a ofishinsa, wanda yake saurayi da gashi cike da kai, da manyan abin sauraro a kunne.

Ta ce, ranka ya daɗe, ni kam ban taɓa jin ka a iska ba, sai labari nake ji wurin manya cewa a zamaninku idan ka buɗe baki har masu shago rage ciniki suke yi. Manaja ya ce a'a, mutane dai da ƙari. Ya gyara wuyan riga. Ya ce an daɗe, murya ta yi tsatsa. Ta miƙa masa takardun ta ce riƙe mata shirin kawai zai yi na ɗan lokaci, kafin ta gama da wannan 'yar hidimar. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi gyaran murya sau biyu a hanya, ya shige ya ja ƙofa.

Jim kaɗan rediyon falo ya cika da wata murya mai kauri da ba ta taɓa sanin yana da ita ba, tana jan kowace kalma kamar ana sanar da naɗin sarauta. Wata yarinya ce ta aiko gaisuwa ga ƙawarta mai sayar da katin waya, amma yadda Manaja ya karanta, sai ka ce wasiƙar ta'aziyya ce daga wata ƙasa.

Ana haka ta hango motar. Tafe take a gefen titi a hankali, mai tura baro ya wuce ta, ya waiwayo ya dube ta. Kafin Mama ta gama daidaita fakin a gaban shagon kujeru, Anti ta sauko ta zare kwalin ta taga, ta gaida Mama a tsaye, ta ce wa Maigida ya biyo ta da sukudireba, domin Auta ya ce za a buƙata.

Da ta sake kiran bidiyon, an riga an cire haƙorin. Auta yana zaune yanzu, ya cije sabuwar auduga, an hana shi buɗe baki gaba ɗaya, don haka yaren ya ƙara tsauri, ya koma hanci da hannu. Likita ta ce babu komai, wannan ma tana ji. Ta ce mai bi masa a layi bai iso ba, kuma gaskiya tana son ganin ƙarshen abin nan.

Maigida ya riƙe wayar yana haska fuskar kwamfutar, Anti ta zauna ta kama linzamin kwamfutar da yatsu biyu kamar zai cije ta. Aka ce ta buɗe wani ɗan hoto a kusurwa. Ta buɗe. Hoton faifai biyu ya fito, ɗaya da alamar lafiya, ɗaya da jan gicciye. Aka ce ta danna mai gicciyen, ta zaɓi layin da ke cewa a shirya shi don cirewa. Wani akwati ya fito yana tambayar ko ta tabbata. Ta ce wa wayar ita fa ba ta tabbata ba. Likita ta ce Auta ya ce shi ya tabbata, ta danna da sunansa.

Ta danna. Kukan ya ɗauke ɗif, har sai da kunnenta ya yi mata wani iri. A gaban Tsohuwa, fitilar durowar ƙasa ta fara ƙiftawa, ta sama kuwa tana nan kore. Auta ya yi ta nuna ƙasa da yatsa. Likita ta ce manhajar ce ke nuna mata wanda ta sallama, don kada a yi kuskure a zare mai lafiyar. Mai ƙiftawar za ta cire, kada ko hannunta ya goga na saman.

"Ni ma haka nake yi," in ji Likita. "Sai na kashe wurin, na tabbatar da wanda zan cire, sannan na ja. Mai shi kuma idonsa biyu."

Anti ta durƙusa. Daga falo tana jiyo Manaja yana gaida wani direban tasi da dukan zuriyarsa, kuma a ƙarƙashin muryarsa akwai ɗan kiɗan da Tsohuwa ke sakawa, wanda idan ya yanke, ta san ita ta yanke shi. Ta yi bisimilla, ta latsa ɗan maɓallin durowar. Wani ɗan hannu ya ɓallo. An ce ta ja kaɗan ta dakata, faifan ya gama juyawa. Ta ja, ta dakata, tana jin wani siririn zuu yana mutuwa a ƙarƙashin yatsunta. Sannan ta zaro shi gaba ɗaya.

Ya fi yadda ta zata nauyi, kuma da ɗuminsa, kamar burodin da aka fito da shi ɗazu. Ta tsaya riƙe da shi tana kasa kunne. Kiɗan yana nan. Manaja ya koma kan wata amarya da ke gaida surukarta. Babu abin da ya ko girgiza.

Maigida ya karɓi durowar ya ɗora a tebur, ya miƙa mata wayar. Nan fa aka zo fagensa. Ya kwance sukurorin da suka riƙe tsohon faifan ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a cikin murfin kofin shayi don kada su gangara, ya ɓare ledar sabon, ya duba gabansa ya duba bayansa, ya zaunar da shi, ya ɗaure. Anti ta ce, Baban yara, don Allah ka ɗan taka giya ta uku. Ya ce abin da ake yi sau ɗaya ba a yi masa sauri.

Ta mayar da durowar cikin raminta, a hankali, tana lallaɓawa kamar mai kwantar da jariri. Ta koma ta dubi fuskar kwamfutar. Faifai ɗaya ne kawai a hoton, gurbin ɗayan babu kowa. Suka jira. Babu abin da ya fito. Ta fara lissafin abin da za ta ce wa Manaja, da yadda zai ce dama ya faɗa.

Auta ya sa aka kai wayar kusa da durowar. Ya duba, ya lumshe ido, sannan ya ɗaga tafin hannu ya yi alamar turawa da ƙarfi, har tawul ɗin wuyansa ya zame. Likita ta ce wannan ko ba fassara: bai shiga ba, bakinsa bai kai ga mahaɗin da ke ciki ba, manhajar ba ta ma san an yi baƙo ba. Dole ta tura shi sosai har ta ji ya ce ƙas, sannan ta rufe ɗan hannun.

Anti ta ce tsoro take ji kada ta fasa wani abu.

"Yadda kike rufe ƙofar firji idan yara sun ɓata miki rai," in ji Maigida. "Haka za ki yi."

Ta harare shi, ta sa babban yatsa ta tura. Ƙas. Ta mayar da hannun ya kulle. Zuu ɗin nan ya taso daga ƙasa yana ƙaruwa, fitilar ta yi ruwan lemo, sai ga wani ɗan saƙo ya leƙo daga kusurwar fuskar kwamfutar da kansa, ba wanda ya kira shi, yana cewa an ga sabon faifai. Anti ta ce, a'a, ashe tana gani. Aka ce ta danna shi, ta zaɓi a haɗa shi da ɗan'uwansa. Wannan karon da akwatin ya tambaye ta ko ta tabbata, ba ta nemi shawarar kowa ba.

Wani dogon layi ya bayyana, fari fat, da ɗan ɗigon shuɗi a farkonsa. Likita ta ce Auta ya ce shi ke nan, yanzu tsohon zai kwafe wa sabon duk abin da ke cikinsa, a hankali, yana yi yana aikinsa na iska, kuma zai ɗauki yini; idan shuɗin ya cika layin an gama. A bar ta kawai, kada a taɓa komai. Sannan ta ce mai layinta ya iso, Auta kuma ya tafi gida ya kwanta, kada ya sha abu mai zafi, kada ya yi magana, abin da take ganin zai fi yi masa wuya. Anti ta yi mata godiya har da addu'ar Allah ya ƙara hannu mai sauƙi, ta ce kuma duk ranar da ta gaji da haƙora, akwai aikin tafinta yana jiran ta.

Maigida ya goge sukudirebarsa ya ce bari ya sauka, ya bar Mama ita kaɗai da mota, kuma ba ya son ta yi sha'awar gwada ribas. A bakin matakala ya tsaya ya dube ta, ya ce ashe dai ta iya. Daga wurinsa wannan doguwar magana ce, ta kuma karɓe ta a haka.

Saura karɓo shirinta, kuma a nan ne ta sha wuyar da ta fi ta faifai. Ta tsaya a bayan gilashin ɗakin watsa shiri ta yi wa Manaja alamar an gama. Ya ɗaga mata hannu, wai ta dakata. Takardun da ta ba shi sun ƙare tuni, ya koma gaida mutanen da ya sani da kansa: abokan makarantarsa, telansa, wani maƙwabci da suka rabu tun kafin ya yi aure. Ta ƙwanƙwasa gilashin, ya juya mata ƙeya. Wayar ɗakin kuwa sai ƙara take yi, kuma abin haushin, ba ƙorafi ake yi ba. Wata mata ta kira ta ce muryar nan ta tuna mata da ƙuruciyarta, wane ne wannan bawan Allah, a ina aka ɓoye shi. Manaja ya yi wata dariya ƙasa-ƙasa da Anti ba ta taɓa ji ba.

Sai da ya saka waƙa don ya kurɓi ruwa ta samu ta shige, ta zauna a ɗaya kujerar ta jawo makirufo na biyu gabanta. Da waƙar ta ƙare ta riga shi buɗe baki. Ta gaida masu sauraro, ta ba su haƙurin jinkiri, ta ce yau babban baƙo ne ya riƙe musu shirin, su taya ta yi masa godiya domin ayyuka na jiran sa a ofis. Manaja ya ce ai ayyukan ba na gaggawa ba ne. Haka suka ƙarasa shirin su biyu, ita tana tsokana, shi yana amsawa da muryar naɗin sarauta, kuma ko ita ta san shirin ya yi daɗi, duk da ba ta da niyyar faɗa masa.

Da suka fito, ya tambaye ta labarin Tsohuwa kamar wanda ya tuna da wani tsohon zance. Ta kai shi ya ga layin, shuɗin ya ɗan wuce kwata. Ya sunkuya ya duba, ya ce dama shi tun farko ya san ba a yi wa irin waɗannan na'urori gaggawa. Daga nan ya ce yana tunanin ko sau ɗaya a mako, ranar da ta ga ya dace, zai riƙa leƙowa shirin, don masu sauraro kawai. Anti ta ce za ta duba.

Ba ta tafi gida da wuri ba ranar. Ta zauna a falo tana shirya gaisuwar gobe, lokaci-lokaci tana tashi ta leƙa ɗakin sanyi, ta ga shuɗin ya ƙara ɗan tafiya, ta dawo. Auta ya yi ta turo saƙo daga gado yana tambayar inda layin ya kai, har ta rubuta masa cewa wanda aka hana magana an hana shi rubutu ma. Wajen la'asar mai shagon kujeru ya hawo neman aron caja, suka tsaya hira a kan wata kujera mai lilo da ya ce zai rage mata idan tana so. Da ta raka shi bakin matakala ta dawo, ta leƙa, layin ya ɓace, hoton faifai biyu ne a jere da alamar lafiya, fitilun gaba duk sun koma kore. An gama ba ta nan.

Ta ɗan ji haushin rashin ganin cikarsa da idonta. Ta ɗauki hoton fitilun ta tura wa Auta, ta ja ƙofar ɗakin sanyi, ta saɓa jakarta. A ƙasa ta tsaya ta zauna a kujerar mai lilon don ta gwada, ta ce wa mai shagon ta yi tsada, kuma ba ta tashi ba sai da ya fara shigar da kaya.